Ƙunshi a Kan Tawadar Allah

Ban san ina da tawadar Allah a tafin ƙafata ta hagu ba sai da na haura shekara arba'in. Wa ke duba tafin ƙafarsa? 'Yata ta fari ce ta gano ta, wata rana bayan la'asar, ina zaune a kan darduma ina lazimi, ita kuma tana bayana tana ninke wanki.

"Mma, kwalta kika taka?"

Ta sa farce ta kankara, abu bai fita ba. Baƙin ɗigo ne kamar ƙwayar wake, kusa da diddige, gefensa ɗaya a karkace. Na ce mata tawadar Allah ce, kowa da tasa. Amma a lokacin tana karatun jinya, kuma na ga yadda fuskarta ta sauya. Ta ce an koya musu cewa mu baƙar fata, in ciwon dajin fata zai kama mu, ya fi samun tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ina jin ta ambaci daji, carbin ya tsaya cak a hannuna.

Ita ta kai ni wani asibitin fata a unguwar Kakabeli. Likitar mace ce, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, amma duk da haka da ta ce in hau gado in miƙo mata ƙafa sai kunya ta rufe ni. A gidanmu ba a miƙe wa babba ƙafa, ga tawa duk kaushi da faso. Ta ɗora wata 'yar fitila mai madubi a kan ɗigon, ta daɗe tana leƙe, ta auna shi, ta ɗauki hotonsa. Ta ce mini da Faransanci ba ta ga abin firgita ba tukuna, kuma ba ta son yanka wurin da mutum ke takawa sai da dalili. In dawo bayan wata uku a gwada da hoton. Kada in kankare, kada in shafa magani.

Watannin nan ba su yi mini daɗi ba. Kullum in na zo wanke ƙafa a alwala sai in juya ta in duba. Yau in ga kamar ya girma, gobe in ga kamar idona ne. Maigida ba mai yawan magana ba ne, iyakarsa ya ce, "Hajiya, ki bar wa Allah." Amma sau da yawa in ya dawo daga kasuwar Asiyeye nakan kama shi yana satar kallon ƙafata.

Ana saura 'yan kwanaki in koma, sai ga bikin 'yar yayata a unguwar Adakpame. Ni ce ƙanwar uwar amarya, ba yadda za a yi in shiga mutane da farar ƙafa. Mai ƙunshi ta zo, muka jeru a tsakar gida, ta dama lalle ta lulluɓe mana tafin ƙafa har gefe, aka ɗaure da leda. Da aka kwance ta bi da gishirin lalle, ya kama ya yi baƙi wuluk. Ko kaɗan ban kawo maganar likita a raina ba. Magani ta hana, lalle kuwa ado ne. Har murna na yi, na ce wannan karon zan miƙa wa baiwar Allah ƙafar da ba zan ji kunyarta ba.

Ranar komawa na hau gado, na cire takalmi. Likitar ta dubi ƙafar, ta dube ni, ta sake duban ƙafar.

"Madam, me kika yi?"

"Biki muka yi," na ce.

Ta ɗora fitilarta, ta matsa nan, ta matsa can, ta ajiye. Ta ce ya yi kyau ƙwarai, amma ba ta ganin komai. Launin ɗigon da bakin iyakarsa take son gani, ga shi duk tafin ya zama launi ɗaya. Ta ce laifinta ne da ba ta ambaci lalle ba, bai zo mata a rai ba. Sai ya goge da kansa, kuma kada in kuskura in dirje wurin.

A kan zemijan, babur ɗin haya da ya mayar da ni unguwarmu ta Zongo, na yi ta kuka a cikin mayafi. In abin yana girma, to yanzu a ɓoye yake girma.

Yaya ta zo washegari da ragowar cincin na biki, ta tarar da ni na zuba wa ƙafa ido.

"Ke dai tun kina ƙarama tsoro gare ki. Kawo ruwan jabel ɗin da ake cire tabon wanki da shi, da dutsen goge kaushi, yanzu in fitar miki da shi."

"Yaya, an ce kada a taɓa."

"An ce, an ce! Inna ta yi ƙunshi har ta tsufa, wa ya taɓa ɗaukar hoton ƙafarta? Ke ce dai kika samu 'yar boko a gida."

Ta yi dariya, amma da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce za ta sa a yi mini addu'a a makarantar matansu.

Lallen tafin ƙafa ba ya gaggawar fita. Daga baƙi ya koma ja, daga ja ya koma ruwan goro, ni kuwa ina bin sa da ido. Na riƙa ƙirƙiro wanki don ƙafata ta jiƙa a ruwan sabulu. A sujada ba dogon rai nake roƙo ba, cewa nake, ya Allah, ka bar ni in ga aurar da yaran nan.

Da ɗigon ya fito sarai, ban jira kowa ba, na tafi ni kaɗai. Likitar ta ajiye sabon hoto kusa da tsohon, ta juyo mini da allon. Ko ni na gani: gefen nan mai karkata ya ɗan tura gaba. Ta ce gara a cire. A makon aka yi mini allurar kashe zafi, aka yanke shi, aka ɗinke, aka aika da naman wurin gwaji. Na koma yin salla a zaune, ina taka ƙasa da yatsu, ina jiran sakamako.

Ranar da aka kira mu, maigida ya rufe shago ya raka ni. Likitar ta ce ba daji ba ne, amma irin tawadar da ba a so a bari ce, kuma an cire ta duka. Zan riƙa zuwa duk shekara a duba sauran jikina.

Na ce alhamdulillahi, na yunƙura zan tashi. Maigida, wanda bai taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba, ya kama ni ya tayar, ya sunkuya ya ɗauko mini takalmina.