Kwano Biyu a Kan Jirgin Dako

Mijin yayata Fumie Ba'amurke ne, sunansa Wendell Krupa, amma mutanen garinmu Sasebo ba su iya kiran sunan ba sai suka bar shi a Makanike. Injin kwalekwalen masunta yake gyarawa a wata rumfa bakin tashar ruwa. Dogo ne har abin ya yi yawa, kullum sai ya ƙume goshi a ƙofar gidanmu, ga shi ba ya magana. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, don haka na mai da shi abin tsokana.

"Yaya Wendell, wai da gaske ka taɓa tuƙa jirgin sama? Kai da ko keke kake karkacewa a kai?"

"Toki, miƙo min shayi ki bar ni," in ji shi.

Ɗan manoman dankali ne daga can arewacin ƙasarsu. Ya shiga sojan ruwa ne don ya guje wa gona, aka koya masa tuƙin jirgi mai saukar ungulu, sai ga yaƙin Koriya. Aikinsa tsamo matuƙan da aka harbo suka faɗa teku. Shi yana tuƙi, abokin aikinsa Otis Delacroix yana kula da igiya. Da yaƙi ya ƙare ya ƙi komawa gida, ya auri Fumie ya zauna. Iyayenmu sun yi fushin auren har suka gaji.

Sai bayan rasuwar Fumie ya ba ni labarin. Ina yi masa kwalemar gida da hantsi, na ciro lambar yabo daga cikin gwangwanin kusoshi, duk ta yi tsatsa.

"Kai dai ba ka san darajar kaya ba. Wannan ce za ka haɗa da kusa?"

Ya ce, "Zauna, sarkin surutu."

Ya ce abin ya faru ne lokacin sanyi, ruwan tekun yana kashe mutum kafin shinkafa ta nuna. Wani jirgin yaƙi ya faɗa teku da mutum biyu, duk sun ji rauni, ba mai iya ɗaura igiya da kansa. Otis ya sauka cikin ruwan ya ɗaura musu, aka jawo su ɗaya bayan ɗaya. To jirgin Wendell ƙarami ne, ga kayan mutanen sun sha ruwa, ba zai ɗauki na huɗu ba. Tsarin aikin sananne ne: ka kai waɗanda ka tsamo, ka dawo ka ɗauki naka. Ya yi wa Otis alama da hannu cewa yana zuwa. Otis ya ɗaga masa babban yatsa.

Ya sauka a kan babban jirgin ruwan da ke dakon jiragen sama, aka kwashe masu rauni, ya nemi a zuba masa mai ya koma. Sai aka ce ya dakata. Jiragen yaƙi suna dawowa, mansu ya kusa ƙarewa, su ne kan gaba wajen sauka. Aka tura nasa gefe aka ɗaure.

"Ranka ya daɗe, mutumina yana cikin ruwa," ya ce wa hafsan da ke kula da filin.

"Na sani. Kowa ma yana da mutum. Jira layinka."

Wallahi duk sanda na tuna wannan maganar sai raina ya ɓaci, ni da ban taɓa ganin Otis ba. Wendell ya tsaya yana kallon jirage suna sauka, babu wanda ya sake duban inda yake. Da aka sake shi ya koma, ya tarar da Otis yana yawo a saman ruwa, rigar ceto ta riƙe shi, kansa a langaɓe. Sanyi ya riga ya gama da shi.

Suna da wata al'ada a babban jirgin. Duk sanda aka tsamo matuƙi, abokansa sukan biya ladan ceto da ayis-kirim, kwano ɗaya ga kowane ma'aikacin jirgin da ya yi aikin. Wendell na sauka, gawar tana bayansa a lulluɓe, sai ga ɗaya daga abokan waɗanda aka tsamo da kwano biyu yana washe baki. Bai ji labari ba.

"Gwarzo! Ga naka. Ina abokin naka? Kira shi, nasa yana narkewa."

Na ce, "Ka watsa masa a fuska dai ko?"

Ya karɓi lambar yana juya ta a tafin hannunsa.

"A'a, Toki. Tun asuba ban sa komai a cikina ba. Na karɓa na tsaya a wurin na shanye nawa, shi kuma yana riƙe da na Otis yana jira."