Rumbun da Kaka Ya Ƙi Buɗewa

Akwai wani bakanike a bakin layinmu da ke dukan ƙarfen taya idan zai kira yaransa, kuma duk sanda ƙarar ta shigo mini ta taga sai na tuna firamarenmu ta ƙauye, can tsakanin Bagwai da Watari. Irin wannan ƙarfen ne ƙararrawarmu, an rataye shi a reshen darbejiya. A shekarar da zan ba ka labarinta ya daɗe ba a taɓa shi ba, har zanzaro ya yi gini a cikinsa. Malamai sun tafi yajin aiki saboda albashi ya tsaya, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai ƙosa ba. Shekarun tsuke bakin aljihu ke nan, lokacin da sabulun wanki ma sai mai hanya.

Babana ya tafi ci-rani Kudu, muka daina jin ɗuriyarsa. Gidan ya rage daga Kaka, wato mahaifinsa, sai Inna da ni da ƙannena, sai Baffa ƙanin babana, wanda yake cikin malaman da ke yajin. Ina aji huɗu a lokacin, kuma ba yabon kai ba, kaina yana ja. Zaman gidan nan ya ishe ni. Kullum ina ji kamar karatun yana tsiyayewa daga kaina.

Ana cikin haka wani Alhaji ɗan garinmu, mai fataucin shanu a Kano, ya buɗe makarantar kuɗi a bakin titi. Ga fenti, ga kwano sabo yana walƙiya, ga benci kowa da wurinsa. Kuɗin zango guda sai ka sayar da tunkiya. Ranar wata Juma'a aka yi shela a masallaci cewa zai ɗauki wasu 'ya'yan marasa ƙarfi kyauta, fisabilillahi, amma sai wakilinsa ya zaga gida-gida ya ga halin da kowa yake ciki.

Ka san mutanenmu. Kafin la'asar an gama yi wa kyautar nan fassara. Wasu suka ce kujera yake hari idan soja sun sauka. Wasu suka ce idonsa yana kan filayen noman rani na Watari, so yake ya san wanda yunwa ta fi matsa. Kaka yana da ɗan fili a can da yake sa albasa, shi ne ƙashin bayan gidan. Da labarin ya iso masa, ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Baffa shi nasa ƙorafin daban ne, kuma da ƙarfi yake yinsa a tsakar gida. "Malaman da ya ɗauka namu ne, yunwa ce ta kora masa su. Zai tsince yara masu ƙoƙari a kyauta, su ci masa jarrabawa, makaranta ta yi suna, masu kuɗi su kawo nasu. Sauran yaran fa? Su ba 'ya'ya ba ne? In taimako yake so, ga rufin ajinmu can iska ta yaye." Inna ba ta musu da shi a gaban Kaka, amma a madafa na ji tana gunaguni cewa da Alhaji ya ɗauki Baffa aiki da ba mu ji wannan wa'azin ba. Shi kuma Baffa yana zargin Inna da son a ga 'yarta cikin shuɗin yunifom don mata su yi magana. A gidan nan kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido.

Daga baya Inna ta je ta durƙusa nesa da tabarmar Kaka, kanta a ƙasa, kamar yadda suruka take yi. Ta ce, "Baba, ni ban san siyasa ba. Yarinya dai tana zaune, kuma ubanta ba ya nan." Kaka bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in sun zo, baƙi ne, ba a korar baƙo.

Sai na gaya maka yadda rumbu yake a wurinmu, in ba haka ba ba za ka gane Kaka ba. Rumbunmu na ƙasa ne, yana kusa da zaure, ana hango jinkarsa daga waje. Duk lokacin kaka sai an yi masa sabon yaɓe da sabuwar jinka, ko an samu ko ba a samu ba, kuma a wannan shekarar ma sai da aka yi. Ba mai leƙa cikinsa sai maigida da yaron da yake zurawa ya miƙo dami, ko matar gida ba ta leƙawa. Dalili kuwa, ranar da gari ya san rumbunka ya ƙare, ranar masu sayen gona za su fara yi maka sallama, kuma farashin mayunwaci za su taya. Ni ce Kaka yake zurawa saboda ba ni da nauyi. Na san ɗumin cikinsa da ƙaiƙayin da ke bin wuya. Na kuma san cewa a wannan karon ƙafata ƙasa take taɓawa, 'yan dammunan da suka rage suna jingine a gefe guda. Duk sanda ya ɗago ni sai ya ce, "Abin da kika gani a ciki, ki bar shi a cikinki."

Da hantsi suka zo a kan babur, wakilin Alhaji da hedimastan sabuwar makarantar, 'yan kallo na biye da su. Inna ta so ta bar ni cikin tsohuwar rigata mai faci. Kaka ya ce a sa mini ta Sallah, shi ma ya zura rigarsa ta Juma'a, ya sa aka dama fura da nonon da Inna ta roƙo a maƙwabta. Aka gaisa, wakili ya tambayi gida da abinci, Kaka ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya." Me kake so ya ce? Ko gawa ce a ɗaki haka ake amsawa.

Hedimasta ya miƙo mini littafi na karanta, ya ba ni lissafi na yi, ya gyaɗa kai. Zuciyata har ta fara ɗinka yunifom. Shi kuwa wakili ya tashi ya zaga rumbun, ya dubi sabon yaɓen, ya ƙwanƙwasa jikinsa da bayan yatsu, ya ɗan karkata kai. Sannan ya juyo.

"Baba, a ɗaga mana jinka mu leƙa. Ƙa'ida ce."

"Ɗana, a gidanku ana leƙa rumbun mutum?"

"To ba sai an buɗe ba. Ka faɗa da bakinka, ga shaidu. Akwai ko babu?"

Kaka ya dubi mutanen da suka cika bakin zaure. A cikinsu akwai dillalin da duk cinikin gona a garin ta hannunsa yake bi, yana tsaye yana sakace. Ni kuma maganar tana nan a maƙogwarona, na buɗe baki ma, sai idon Kaka ya sauka a kaina na haɗiye ta. Ya ce, "Muna cikin rufin asirin Allah." Wakili ya shanye furarsa, ya yi godiya, suka hau babur. Daga bayan zana na ji Inna tana jan hanci.

Ɗan maƙwabcinmu ne ya samu gurbin. An ce ubansa ya kwashe dammunansa ya kai gidan surukansa kafin a zo, sannan ya buɗe rumbu kowa ya leƙa. Ban gani da idona ba. Abin da na gani shi ne bayan wasu damuna filin uban yaron na Watari ya koma hannun Alhaji. Wasu suka ce da son ransa ya sayar, wasu suka ce kunyar alheri ce ta hana shi ƙi. Da aka gaya wa Kaka, "uhm" kawai ya ce.

Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Duk safiya ina ganin yara suna wucewa cikin shuɗi, ni ina tsinkar zogale. Da aka janye yajin muka koma, malamai sun ragu, Baffa yana haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, mu na baya a ƙasa muke zama. A haka na lallaɓa har na zama ma'aikaciyar asibiti. Filin albasar kuma yana hannun ƙannena, da albasarsa aka biya mini kuɗin jarrabawa.

Yanzu a Kano kowane lungu da makarantar kuɗinsa, kowacce da 'yan marayunta da take ɗauka kyauta, har da hotunansu a allon talla. Ta gwamnati kuma tana nan yadda Baffa ya bar ta. A wurin aiki abokaina suna ta gardama, wasu su ce gara a ceci yaro ɗaya da a rasa duka, wasu su ce ceton ɗayan ne yake sa a manta da sauran. Nakan saurara, ba na cika sa baki, don hankalina yakan tafi wani wuri. Sai da na girma na tuna cewa wakilin nan ɗan manomi ne, a garinmu aka haife shi, shi ma an zura shi a rumbu yana yaro. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san amon cikakken rumbu, ya san amon wanda ya ƙare. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ji. Abin da ban sani ba har yau shi ne me ya sa duk da haka sai ya nemi tsoho ya faɗa da bakinsa a gaban dillali, kuma wa ya aiko shi da wannan tambayar.