Ranar da Mota Ta Shigo Cikin Gida

A shekarun da kuɗi suka wadata a ƙasa, har malamin gona ke iya sayen mota, maigidana ya sayo wata tsohuwar akori-kura. Muna Faskari lokacin. Bai yarda da kai ta wurin makanike ba. Ran Asabar sai ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sifanoninsa, ya shige ƙarƙashinta. Kuma Allah ya ba shi hannu, abin da ya kwance yakan mayar.

Daminar da tari ya kama Inna, mahaifiyarsa, birkin motar ya fara yoyo. Aka ce a kai Inna asibitin Funtuwa, ta ce ba ta shiga motar da sai an roƙe ta take tsayawa. Tarin kuwa kullum gaba yake yi, har ta koma salla a zaune. Malam, wato maigidana, ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Duk saƙo ta bakina yake bi.

Ya sayo sababbin robobi da gwangwanin man birki, ya cire waɗanda suka cinye. Saura fitar da iskar da ta shiga cikin birkin, wannan kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya na taka birki, ɗaya na sassauta ɗan noti a bayan taya. Maza duk suna gona, ni kuma ba na fita ƙofar gida. Sai ya ɗauko zana, ya kakkafa, ya kewaye motar har jikin zaure.

"To uwargida, mota ta shigo cikin gida. Bismilla."

Na hau kujerar direba, na sa matashi a baya don ƙafata ta kai.

"Taka! Ƙara! Riƙe nan!" Sai in ji birkin ya sulale ƙasa. "Ya yi tauri?"

"Kamar auduga, Malam."

"Ke dai kujerar ce ta yi miki daɗi."

Muna kan tayar ƙarshe Inna ta fito tana dogara sanda.

"Ɗiyar nan, mi nike gani? Direba kika koma?"

"Birki muke gyarawa, Inna."

"Gaya ma wancan na ƙasa, ni ban haihi makanike ba."

Daga ƙarƙashin mota Malam ya ce, "Gaya mata an gama."

Na taka birki. Ya yi dama, amma yana ɗan nutsewa. Na san in na ce an gama, wataƙila yau ta ga likita. Na dubi yadda wuyanta ya rame, na ce a raina, Allah na gani.

"Da saura, Inna."

Malam ya yi tsaki, amma ya jawo sifana. Inna ta zauna bakin zaure tana kallonmu. Muka koma tayar baya, na yi ta takawa har cinyata ta ƙage. Can ya ce kumfa ta fito, mai ya biyo wasai. Na sake takawa, birki ya tsaya cak kamar na taka dutse.

"Yanzu ya tsaya, Inna."

Ta daɗe tana dubana. Tari ya taso mata, na sauko na riƙe ta har ya lafa.

"Ɗauko mini mayahina da buta," in ji ta. "Ke za ki zauna kusa da ni. Kuma ki gaya mishi ya wanke hannun nan kahin ya taɓa mini kaya."