Ranar da Sarkin Noma Ya Sa Hular Kwano

Tun da na ji kuna ta gardama a kan hular kwano da bel ɗin mota, wasu na cewa doka ce, wasu na cewa kowa shi ke da iko da kansa, bari ni ma in ba ku nawa. Na manta abubuwa da yawa na aiki, amma ranar da Sarkin Noma ya sa hulata ba ta taɓa fita raina ba.

Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, ina ƙaramin malamin gona a Makarfi. Aikinmu shi ne zaga ƙauyuka muna koya wa manoma shuka a layi da zuba takin zamani. Na yi shekara biyu a kan keke, sannan aka ba mu babura. Kowane babur ya zo da farar hular kwano, da wata takarda da muka sa wa hannu, cewa duk wanda aka gani yana tuƙi ba hula za a karɓe babur ɗin. Dokar ofishinmu ce, kuma mai tsaron ta shi ne Malam Sidi, babban malamin gona da ke zaune a Ikara, mutumin da ba ya ɗaga murya kuma ba ya mantuwa.

Da farko ni son hular nake yi. In na ɗaura ta na ja maɗaurin haɓa, ji nake kamar ni ne matuƙin jirgin sama.

A wancan lokacin kowane malami yana da gonar gwaji. Fili ne da ake rabawa biyu, rabi a shuka yadda aka saba, rabi a layi da taki, don manoma su gani da idonsu. Ita ce shaidar aikinka. Wanda tasa ba ta tsiro ba, ƙarshen shekara sai a mayar da shi sito gadin buhuna. Tawa tana wani ƙauye a kan hanyar Kudan. Sarkin Noman garin, dattijo mai faɗa a ji, shi ya ba ni filin tun rani, ya kuma yi alkawarin kiran gayya.

Ruwan shuka ya sauka. Ranar da aka sa na isa da irin gyaɗa da igiyar awon layi, na tarar ba kowa sai ni da tsuntsaye. Na je gidan Sarkin Noma, aka ce ya fita, alhali ga takalminsa a ƙofar zaure. Kashegari ma haka. Hankalina ya tashi, don in laima ta wuce shi ke nan. Wani mai awon hatsi da muke wasa da shi, Tanko, shi ya fasa mini ƙwan.

"Malam Habu, ai kai ka jawo. Sau uku Baba na zaune gindin tsamiya yana yi maka sannu da zuwa, ka wuce fuu ba ko ɗaga hannu. A gaban mutane kuma."

Nan take na gano mai laifi, wato hula. Ita ta toshe mini kunne. Da gari ya waye na ɗaure ta a kariya, wato wurin ɗaura kaya a bayan babur, na sa hulata ta gida, na kama hanya don in ba da haƙuri. Ban yi nisa ba sai ga motar Malam Sidi a mararraba. Ya sa direba ya tsaya, ya fito, muka gaisa har ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Sannan ya dubi kariya.

"Kariyar ce ke tsoron faɗuwa, ka sa mata hula?"

Ƙuruciya na ɗibata, na ce, "Ranka ya daɗe, babur na ofis ne, amma kan nawa ne. In na faɗi ni zan ji ciwo. Kuma hular nan ta kusa kashe mini aiki." Na kwashe labari na faɗa masa.

Ya ce, "Kan naka ne, ban musa ba. Amma in ya fashe, ba kai za ka je gidanku ka faɗa ba. Ni za a aika. Na taɓa yin irin wannan aike sau ɗaya, ba na son na biyu."

Na ce to ai ba a tilasta wa baligi abin da zai amfane shi. Ya ce ana tilasta masa mana, in dai wasu za su yi kuka a kansa. Muka yi ta ja a bakin hanya, direba na ta murmushi. Daga ƙarshe ya ce in sa hular in wuce gaba, mu je wajen Sarkin Noma tare, in ta tabbata hula ce ta ɓata aiki shi da kansa zai rubuta a sake duba dokar. Na tafi ina murna, don na tabbata na yi nasara.

Muka sami Sarkin Noma gindin tsamiyar da jama'arsa. Bayan doguwar gaisuwa na durƙusa na yi bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni kwanon nan in gani."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya kifa tawa a ka. Mutane suka yi ta danne dariya. Ya ce in tada babur. Na tada. Malam Sidi ya matsa baya ya yi masa sallama da ƙarfi, dattijo bai amsa ba. Na kashe injin ina kallon Malam Sidi, baki har kunne.

Sarkin Noma ya cire hular ya ce, "Gaskiyarka, malamin gona, ba a ji. Amma ni da na sa, ina ganin kowa sarai. Ga Tanko can, ga liman. Kwanon nan bai rufe ido ba." Ya mayar da hularsa. "Lokacin da kake zuwa da keke, tun daga bakin rafi kake sauka ka turo shi har nan. Ba ka jira na gaishe ka ba ko sau ɗaya, kai ke fara gaishe ni. Wa ya hana ka sauka yanzu?"

Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Abin da ya faɗa gaskiya ne. Ina ganinsa duk sau ukun, sauka ce ta yi mini nauyi, don ina ganin mai babur ya wuce nan.

Malam Sidi ya ce, "Baba, bisa doka sai na karɓe babur ɗin, don na same shi ba hula."

Na ɗaga ido ina jiran dattijo ya roƙa mini. Sai ya ce, "Karɓe shi na mako biyu, ya tuna yadda ake sauka. In ka mayar masa, ka haɗa da kwanon. Muna son malaminmu da kansa." Sannan ya juya ya ce a sanar da gayya jibi.

Haka aka yi. Direba ya taimaka aka ɗora babur a bayan mota, ni kuma na ari keken Tanko na koma Makarfi ina zufa. Ranar gayya aka shuka gyaɗar kafin azahar, layi ya miƙe sambal.

Abin da na koya shi ne, a aikin gona mutum yakan yafe maka in taki bai yi ba, amma ba ya yafe ka wuce shi yana zaune. Game da gardamarku kuwa, na yi shekaru ina jin masu cewa hula na hana ji, bel na takura ciki. Ba na musa wa kowa, don ni ma na tsaya a bakin hanya na kare hujjata da ƙarfi. Sai dai na san cewa duk surutun da na yi a kan 'yancina ran nan, girman kaina nake karewa.