Ƙunshin da ake kira na da shi

Ni tsintacce ne. A shekarar da aka sauke tutar Faransa, wata baƙuwa ta rasu a bakin kasuwar Malanville, ta bar jariri a zanin goyo. Ba wanda ya san garinta. Baba Iliya, wani Kirista mai sassaƙa jirgin ruwa, shi ya ɗauke ni ya kai wa matarsa Inna Saratu. Ba su taɓa haihuwa ba. Sun ba ni ci da sha, sun sa ni makaranta, kuma ban taɓa jin Baba ya kira ni da wani suna ba sai "ɗana".

Amma yaran unguwa suna da nasu sunan. In mun yi faɗa sai su ce tsintacciyar mage ba ta mage. Maganar nan ta zauna mini a ciki kamar ƙayar kifi. Na ce a raina, tunda ba ni da kowa, ba wanda zan kunyata.

Da albasa na fara sata. Buhu in ya yage a kasuwa, sai in taimaka masa ya ƙara yagewa. Daga nan busasshen kifi, daga nan turmin atamfa. Lokacin da soja suka riƙe ƙasa aka tsananta bincike a kan gada, sai na haɗu da wani abokina Sani, muka riƙa tsallakar da kayan sata zuwa Gaya ta ruwa, mu kauce wa 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan. Baba ya ji labari, ya zaunar da ni a rumfarsa ya ce, "Ɗana, mi na rage ka da shi?" Na dube shi ido cikin ido na ce, "Kai ba ubana ba na, bar ce mini ɗanka." Ya sunkuya ya ci gaba da sassaƙa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Cikin damina, kogi ya cika ya batse, na kwance sabon jirgin da Baba ya gama wa wani masunci. Muka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A tsakiyar ruwa ya kife. Ni na kama reshe, Sani bai kama kome ba. Na ga hannunsa sau biyu a sama, na uku ban gani ba. Har yau ba na iya kallon kogi da damina.

Jandarma suka kama ni. A ofishinsu maƙwabta suka ba Baba shawara ya ce bai haife ni ba, ya huta, don a wancan zamani uban ɗan fasa-ƙwauri ma ba ya tsira. Ina ɗaure a ƙasa na ji babban jandarman ya tambaye shi, "Wanga ɗanka na?" Baba ya ce, "Ɗana na." Aka rufe rumfarsa, ga kuma jirgin mutane da zai sake sassaƙawa.

Aka kai ni gidan kaso can kudu, gaba da Guéné. Ku da ba ku sani ba, a can wanda ba a aiko masa daga gida yunwa ce abokiyar zamansa. In saƙo ya zo, gardi yakan tsaya a ƙofa ya kira mutum da sunan wanda ya aiko. Ban sa rai ba, don ni da bakina na yanke zumunci. Sai ran nan na ji, "Ɗan Iliya!" Ban motsa ba. Ya sake kira, har wani ya zungure ni. Ƙunshi ne na gari da ƙuli-ƙuli da kifi, direban babbar mota ya kawo. Na ci ina kuka. Haka ƙunshin nan ya yi ta zuwa duk shekarun da na yi, kuma kowane zuwa sai an kira ni da sunan da na ƙi.

Da aka sake ni, na shirya maganar da zan faɗa wa Baba tun daga mota. Na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida, ta rame. Na ce, "Inna, ina Baba?" Ta kama hannuna ta kai ni bayan majami'a. Ciyawa har ta rufe kabarin. Damina biyu ke nan da rasuwarsa, aikin sake sassaƙa jirgin nan ya karya shi. Ashe duk wannan lokaci abincin mamaci nake ci, Inna ce ke aikowa da sunansa.

Na ce don me ba a gaya mini ba. Inna ta ce, "Shi ya hana. Ya ce in an canza suna a ƙunshi, za ka zaci an yashe ka. Ya ce shi ma ba don kirkinsa Allah ya kira shi ɗa ba, saboda Yesu na, kuma Uba ba ya janye sunansa ranar da ɗa ya ɓata." A kan kabarin nan na durƙusa na tuba. Gafarar Baba ban samu na roƙa ba, wannan nauyi da shi zan mutu.

Yara, ku ji ni. Albasa ɗaya ta kai ni inda na rasa aboki, na rasa uba. Kada ku ɗauki abin da ba naku ba, kome ƙanƙantarsa. Kuma kada wani ya ce muku ba ku da kowa ku yarda, don wannan ƙarya ce ta fara mai da ni ɓarawo. Wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu, Allah ba riƙon bara yake masa ba, riƙon ɗa ne.

Yanzu ni ke sassaƙa a rumfar Baba. Wani lokaci ina tsakar aiki sai in ji kamar an kira, "Ɗan Iliya!" In waiwaya, ba kowa sai kogi. Da can nakan firgita. Yanzu nakan ajiye gizago in ce, "Na'am."