Hannun Daman Lubabatu

Hure ɗiyar ƙanwar innata ce. A Gwashi aka haife ta, a Gwashi ta yi aure, daddawa take yi, kuma mai neman gidanta ba ya bukatar tambaya, hancinsa zai kai shi. Na girme ta da shekara bakwai, shi ya sa take ce mini Yaya Ramlatu. Ni an kai ni sakandare a Gummi, ita ko firamare ba ta leƙa ba. Gara in faɗa tun yanzu, a cikin wannan labari karatun nawa bai tsinana komai ba.

Da daminar 2010 naƙudar ɗiyarta ta uku ta kama ta. Kwana biyu tana abu ɗaya. Hanya ta zama taɓo, mota ba ta shigowa, kuma ba a ɗora mace mai naƙuda a babur a ce a ƙetare rafi da ita. Iya Gambo unguwarzoma ce a kanta. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, tsohuwa ta kama ta ja da iya ƙarfinta. Ban taɓa ganin laifinta ba. Da ba ta ja ba, da biyu muka binne.

Jaririyar ta yi kuka, kowa ya yi hamdala. Sai wurin wanka aka lura hannun dama ba ya motsi. Yana reto kawai, tafin ya juya baya. Dalhatu, mijin Hure, ya yi abin da kowane uba a garin zai yi, ya kira Lauwali maɗori. Lauwali ya taɓa ya ce karaya ce, ya jera ƙananan karare ya naɗe hannun da tsumma, ya ce kada a kwance sai uwar ta gama wankan jego. Ranar suna an raɗa mata Lubabatu tana ɗaure. Da aka kwance bayan kwana arba'in, hannun ya tsamure ya sandare. Lauwali ya ce ɗorin bai kama ba, ya sake. Sau uku aka yi haka.

Shekarar ce yara suka riƙa mutuwa a Yargalma saboda gubar dalma ta wurin niƙan dutsen zinari. Daga nan duk yaron da ya samu wata nakasa a yankinmu, dalma ce. Mai ido ɗaya dalma, mai in'ina dalma. Mutane suka ce wa Hure ita ma tata dalma ce, alhali ba wanda ya taɓa shigo da dutse gidansu. Lubabatu tana shekara biyu muka hau babur muka tafi Anka, inda likitoci ke gwada jinin yara. A hanya Hure ta sunkuyo ta ce mini:

"Yaya, wallahi roƙon Allah nike a ce dalma ce."

"Ke kina da hankali kuwa?"

"Ita ce ke da magani. Ita ce anka turo wa motoci."

Ba dalma ba ce. Wata nas mai kirki ta ɗaga hannun ta juya shi, ta tambayi yadda aka yi haihuwar. Sannan ta ce jijiyar da ta sauko daga wuya ce ta samu rauni lokacin da aka ja, ƙashi bai taɓa karyewa ba. Ta ce irin wannan motsa shi ake yi kullum tun yaro yana jariri, da yawa suna samun sauƙi.

"Wa ya ɗaure shi?" in ji ta.

Ina wurin sau ukun nan. Ni ma na riƙe tsumman.

Ta koya wa Hure yadda za ta riƙa miƙar da hannun, Hure kuwa ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Yatsu suka ɗan samu motsi, iyakar abin ke nan. Yarinya ta tashi da hagu. Da hagu take cin tuwo, da hagu take ɗaura zane, tana tsince kalwa fiye da yayyenta biyu. Amma mu mutane ne da ba a miƙa mana abu da hagu. Baƙuwa ta taɓa tsame hannunta daga kwano saboda Lubabatu ta sa nata. Masu sayen daddawa suna cewa, "Kira innarki ta miƙo." Waɗanda suka san haihuwarta ma suna yi. Kowa ya ga dama sai ya doke hannun ya ce tarbiyya yake yi.

Duk wannan Hure ta shanye. Abin da ta kasa shanyewa shi ne allo.

A makarantar Malam Abdulwahabu, yaro ba ya tashi daga tabarmar ƙanana zuwa ta manya sai ya fara rubuta allonsa da kansa. Lubabatu tana da kai. Tana shekara bakwai ta wuce sa'o'inta a hadda, malam da kansa ya miƙa mata alƙalamin kara da tawada. Ta karɓa da hagu ta ɗora a allo. Ya sauke mata bulala a bayan hannu, ya ce ba a rubuta maganar Allah da hannun tsarki. Ta koma tabarmar 'yan shekara huɗu, sa'o'inta suka wuce suka bar ta.

Hure ta je ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, shi kaɗai gare ta."

"Na sani, Hure. Ba ni na sa doka ba, haka munka taras. Ta yi ta gwadawa da dama, Allah shina iya buɗa mata."

"Shekara bakwai nike gwadawa, Malam."

"To ki ƙara haƙuri."

Dalhatu ya ce a bar maganar, ba a ja da malami, kuma ɗiya mace ce, haddar ma ta isa. Ni kuma na yafa gyale na je na ɓata komai. Na tambayi malam a gaban ɗalibansa ko shi ya halicci hagun, ko kuwa a kasuwa aka sayo mata. Ya ce 'yan boko dama ba su da kunya. Daga ranar abin ya zama na girma, ko yana so ya sauko ba hanya. Hure ta yi wata guda ba ta shigo gidana ba, kuma ta yi daidai.

Shekara biyu yarinyar nan tana zaune cikin masu majina tana maimaita abin da ta riga ta haddace. Yara suka sa mata suna Kakar Ƙanana. Ta daina cin abinci a gaban mutane. In an aike ta, sai ta ɗora abin a kan hannun dama ta tallafe da hagu daga ƙasa, don a ga kamar da dama ta miƙa.

Hure ba ta gaya wa kowa ba ta binciko wanda ya karantar da Malam Abdulwahabu: wani tsoho a Adabka, Malam Sodangi. Da rani a 2019 ta ƙulle daddawa a ganye ta hau babur ita kaɗai. Ta ce tsohon ya fara shinshina ƙullin kafin ya amsa gaisuwa.

"Wagga ta Gwashi ce. Mi kika zo saye da ita, ɗiyata?"

Ta faɗa masa komai. Ya ce lalura ce, kuma mai lalura ba a matsa masa, yarinya ta wanke hannunta ta rubuta. Ya ce, "Ki ce wa Audu ni na ce. Shi da ya zo mini yana rubutu kamar kaza ta taka tawada, da dama ne kuma." Bai bar ta da saƙon baki ba, ya rubuta a takarda ya ba ta.

Malam Abdulwahabu ya karanta takardar sau biyu, ya sa a aljihu, ya ce a kawo yarinyar da safe. Na bi Hure, na tsaya daga bakin zaure na kame bakina. Ya miƙa wa Lubabatu alƙalami, fuska ba yabo ba fallasa, ya ce, "Rubuta da wanda kika iya."

Ta dubi alƙalamin, ta dubi yara. Sai ta tallafo hannun dama da hagu ta karɓa a tafin da ya juya, ta sa hagu ta cusa karan tsakanin yatsun nan masu lanƙwasa. Ta kama wuyan hannun daman da hagu ta fara tura shi a kan allo.

Hure ta matso. "Luba, an yarda. Rubuta da hagu."

"A'a, Inna."

"Malam da kanshi ya ce."

"Wanga ƙazami ne," in ji ta, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ba wanda ya iya sauya mata ra'ayi, har malamin. Layi ɗaya ya ɗauke ta tun safe har hantsi ya dubi ludayi, baƙaƙen sun karkace, tawada ta ɗiga sau biyu. Malam ya duba ya daɗe, ya ce ta koma tabarmar manya.

Mutane suka riƙa zuwa yi wa Hure barka, wai ga shi haƙuri ya yi rana, yarinya ta rubuta da dama. Iya Gambo har da guɗa. Ni na ƙi yi mata barka, kuma har yau ban yi ba. Na ga yarinyar nan tana zana tsuntsu a ƙasa da tsinke tun tana shekara biyar, da hagu, har gashin fiffike. Mun taru mun ɗaure mata hannu ɗaya da tsumma, ɗayan kuma mun yi ta dukansa har ta yarda da mu.

Hure ta ajiye takardar Malam Sodangi a cikin kwallarta ta aure. Kullum da safe kafin ta ɗora tukunyar kalwa tana miƙar wa Lubabatu hannun dama kamar yadda nas ta koya mata. In ta gama sai ta kama na hagun ma ta shafa masa man gyaɗa, yarinyar tana janyewa.