Baƙon Mahauci Mai Dariya

Surukaina na tafe daga Korahane, ga ni a layin mahauta na kasuwar Dakoro, kuma duk layin babu nama mai kyan na wani baƙo. Siriri ne, rigarsa fara fes, ko ɗigon jini babu. Mahautanmu kan aje kai da ƙafafu gefen nama, kowa ya ga abin da aka yanka. Shi ko kofato babu a teburinsa.

Ya jingine wayar salula jikin sikeli, yana yanka, yana kallo, yana ƙyalƙyala dariya. Ni ma na leƙa. Wasu Turawa ne ke cin abinci, fuska a murtuke, suna magana kamar masu kurkure baki.

"Ɗana, mi ke ba ka dariya?"

"Fim ɗin ƙasar Danmak ne, Inna. Maƙwabcinsu suka dafa, suna ta yabon miya. Wasa ne!"

Wasa! Har na tsufa ban ga wanda ya gaji fawa yana wa irin wannan dariya da wuƙa a hannu ba. Ko ɗan lakwal ne da ya gama boko ya rasa aiki, ko kuwa a garinsu akwai maƙwabcin da ake cigiya.

"Ina kan dabbar?"

Ya duƙa ya zaro kai daga buhu, har da ƙaho. Akuya ce, ba musu. Sai dai cinyar da ke gabana ta fi ƙarfin wannan akuya.

Na gyara mayafina. Yau wake surukaina za su ci, su koma Korahane su yi da ni.